Kafin A Loda Buhu, A Duba Injin Jirgi

Wani zai ce, ina ruwan ɗan hatsi da ke zaune Nassarawa cikin Kano da injin jirgin ruwa? To ruwanmu buhu ne. Masara da shanshera da ake saye a ƙasar Yawuri da gaɓar Kainji, da yawansu sai sun hau jirgi kafin su ga motar Dawanau. Hatsin da ya jiƙa kuwa kun san sauran, ko ya tsiro ko ya yi funfuna.

Abin da muke gani shi ne, mukan daddage mu rage wa mai jirgi kuɗin buhu, amma ba mu taɓa cewa ya tayar da inji mu gani ba. Yawanci kuma tsofaffin Yamaha ne, irin waɗanda ake haɗa musu fetur da mai a tanki ɗaya.

Tsohon inji ba shi da wani asiri. In ya ƙi tashi, a fara da fetur. Na bumburutu sau da yawa akwai ruwa ciki, ruwa kuwa ya fi fetur nauyi, gindin tanki yake kwanciya ya bi tiyo ya shiga kafireta. A tsiyaye, a wanke, a tace da ƙyalle. Sa'an nan fulogi: a kwance, in ya yi baƙi ya jiƙe a goge ko a sake, a gwada a ga yana ba da wuta.

Amma inda muke so ku tsaya shi ne ruwan sanyaya inji. Da ruwan kogi yake shan iska, wata 'yar roba mai fuka-fukai ce a ƙafarsa take turo shi sama. Alamarta ɗan siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta baya. Wannan ko makaho ya sa hannu ya ji. In babu shi, ko ciyawa ko leda ta toshe mashiga, ko robar ta cinye, kuma cikin 'yan mintoci inji zai yi zafi ya kame. Robar nan kuɗinta bai kai buhu guda ba, ita ce kuma ake wa ganda. Man giya ma a duba, in ya koma fari kamar nono ruwa ya shiga, galibi zaren koma ne ya naɗe bayan farfela ya yanke abin da ke tare ruwa.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 sai wata tsiya ta ƙaru, rage man haɗi, ko zuba ƙonannen baƙin mai na mota. Yawancin injunan nan mai lita 1 suke so cikin fetur lita 50. Wanda ya rage, cikin injinsa yake ci.

Ba mu manta Warra ba, Mayu 2021, jirgi da mutum fiye da 100 ya nutse. Ga Bagwai nan kusa da mu, 30 ga Nuwamba 2021, aƙalla mutum 29 a ruwan Watari, yawancinsu yara 'yan makaranta. Allah Ya jiƙan su. Waɗannan yawan lodi aka zarga, ba inji ba. To amma jirgin da aka danƙare, in inji ya mutu masa a tsakiyar ruwa, gefe yake ba igiya, mu kuwa mu ne masu cewa a ƙara buhu biyar.

Shawararmu, dillali kada ya bari a ɗora buhu sai an tayar da inji a gabansa ya ga ruwan nan na fita, ya ga fulogi na ajiya da sifana da filafili cikin jirgi. Mai jirgin da ya cika wannan a ƙara masa wani abu a kan kowane buhu, a rubuta shi cikin kuɗin dako yadda muke rubuta na 'yan lodi.