Dokar Da Ta Haɗa Mai Duka Da Mai Kuka

Jama'a, tun 1951 ƙasar Indiya ta kafa dokar zaɓe wadda sashenta na 123(3) ya ce neman ƙuri'a da sunan addini, ko launin fata, ko asalin gida, ko harshe, maguɗi ne. Wanda aka kama, ana iya soke zaɓensa. Ni ban ƙi wannan ba, domin duk wanda ya san jinin da aka zubar a 1947, lokacin da aka raba Indiya da Pakistan, ya san abin da ake gudu.

Inda na ja daga shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ran 2 ga Janairu, 2017. Alƙalai huɗu cikin bakwai suka faɗaɗa dokar, suka ce ba addinin ɗan takara kaɗai aka hana ambata ba, har da na mai jefa ƙuri'a da asalinsa. To, ina makomar 'yan Dalit, mutanen da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ƙyamar ko taɓa su, ana hana su rijiya da ɗakin ibada? Da wane suna za su tara kansu su nemi haƙƙinsu, in ba da sunan da aka zalunce su da shi ba? Alƙalai ukun da suka saɓa, cikinsu har da Mai Shari'a Chandrachud, sun nuna wannan haɗari. Ai wannan shi ne a doke ka a hana ka kuka.

Shi kuwa mai dukan, sai ya kwana lafiya. Bal Thackeray ya yi jawaban tunzura mabiya addinin Hindu a Bombay a 1987, amma sai a 1999 aka hana shi jefa ƙuri'a, shekara 12 ke nan. Kafin nan jam'iyyarsa ta Shiv Sena ta riga ta hau mulkin jihar Maharashtra a 1995.

Kada mu yi musu dariya. Mu ma Dokar Zaɓe ta 2022, sashe na 97, ta hana kamfe da addini ko ƙabila, amma kowa ya ji abin da aka yi ta faɗa a kan mumbari da majami'u a zaɓen 2023.

Ni a ganina, doka ta auna abin da magana ke nufi. Wanda ya ce a ƙi wane domin addininsa, a hukunta shi kafin wani zaɓe ya zagayo. Wanda ya ce an danne mutanensa, a bar shi ya faɗa, masu ƙuri'a su yi alƙalanci. Ɗalibanmu na fannin shari'a, ga fili ga mai doki, muna jiran amsarku a fitowa ta gaba.