Wane ne gwanin gwanaye?

A filin kokowa na Dogon Dutsi ko na Tibiri, ba a auna kowa. Ƙato da siriri su kama, wanda ya faɗi ya faɗi. Damben zamani ba haka yake ba. Sai an hau sikeli, kowa ya kara da mai nauyi irin nasa.

To, wane ne gwanin gwanaye? Waɗansu sun ce Muhammadu Ali, don yana ajin ƙatta, zai buge na ƙasa duka. Wannan awo bai yi daidai ba.

A 1972, a birnin Munik, Isaka Dabore ya samo wa Nijar lambar tagulla a wasannin Olimpik. Ajinsa kilo 63 da rabi ne. Da an haɗa shi da mai kilo 100, wa zai ga gwanintarsa?

A duba abin da kowa ya yi cikin ajinsa. Wanda ya hau ajin gaba ya ci, a ƙara masa daraja. Dik Taiga na Najeriya ya zama zakaran duniya a 1962, ya hau gaba, ya sake zama a 1966. Ali ba shi da ajin da zai hau. Shi sai a ƙirga zakarun da ya buge: Liston a 1964, Foreman a 1974.