Dajin Birnin Gwari da Wajibcin Bin Salsalar Cuta

Tun daga ƙarshen 2024, lokacin da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu, manoma da masu itace suka fara komawa gonaki da dazukan da suka ƙaurace wa shekaru. Wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya ga Allah. Sai dai dajin da ya haɗa da gandun Kamuku mazauni ne na birai, kuma a dazukan Afirka ƙwayar cutar shawara tana kewayawa ne tsakanin biri da sauro, har ranar da sauron zai ciji mutum ya koma da ita gari.

Mun ga haka a 2019, lokacin da ɓarkewar shawara a Jihar Bauchi ta samo asali daga yankin gandun Yankari, ta kuma bi maziyarta zuwa garuruwansu. Sauron da ke ɗauke da ita, jinsin Aedes, da rana yake cizo, yana hayayyafa a kogon itace da tsofaffin tayoyi da randunan da ba a rufe ba. Shi ne kuma ke yaɗa zazzaɓin denge, wanda hukumar NCDC ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a 2023. Gidan sauro na dare ba ya wadatarwa a kansa, maganin maleriya kuma ba ya taɓa waɗannan cututtuka.

A nan ne ilimin karanta ƙwayoyin halittar cuta yake da amfani. Ɗalibin hadisi zai fahimce shi da sauri, domin ya yi kama da ilimin isnadi. Duk lokacin da ƙwayar cuta ta kwafi kanta, takan yi ɗan kuskure, kamar yadda mai kwafar littafi da hannu yake yi, kuma kuskuren yana bin zuriyarta. Idan masana suka kwatanta samfurin jinin marasa lafiya daga wurare dabam-dabam, sai su gane wace ta fito daga wace, ko daga daji ta shigo, ko matafiyi ne ya kawo ta. A 2018, cibiyar ACEGID da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta bi wannan hanya ta gano cewa wani zazzaɓi da ya rikita likitoci a Jihar Edo shawara ce, abin da ya buɗe ƙofar ɗaukar mataki.

Musulunci bai bar mu cikin duhu ba a wannan babi. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya da tawagarsa daga Sarg a lokacin annobar Amwas, bayan ya yi shawara da sahabbai. Abin lura shi ne hukuncinsa ya ginu ne a kan labari tabbatacce game da inda annobar take. Kare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Don haka muna ganin bin diddigin cuta farilla ce ta kifaya.

Mun san akwai masu ɗari-ɗari da ɗibar jini, kuma gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ya bar tabon da bai gama warkewa ba. Maganin wannan shi ne riƙon amana: a yi wa mara lafiya bayani da harshensa, a nemi yardarsa, a ɓoye sirrinsa, a dawo masa da sakamako.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da ta tabbatar asibitocin Birnin Gwari suna iya ɗibar samfuri da aika shi ɗakin gwaji a kan lokaci. Limamai su yi bayani a huɗuba. Magidanta su kai jarirai rigakafin shawara a wata tara, manyan da ba su yi ba su ma su nema, domin allura ɗaya tana kariya tsawon rai. Wanda zazzaɓinsa ya ƙi jin magani, musamman idan idonsa ya yi rawaya bayan dawowa daga daji, a gaggauta kai shi asibiti.

Allah Ya dawwamar da zaman lafiya a Birnin Gwari, Ya tsare mu daga annoba.