Wa Ke Biyan Kuɗin Teburin Giyar Turai?

Mujallun yawon buɗe ido na Turai ba sa gajiya da labari guda: kowane yanki da giyar inabinsa, kowace giya da abincin da ake cewa an halicce su don juna. A Florence ta Italiya gasasshen naman sa ake haɗawa da Chianti, a arewacin Sifaniya gasasshen ɗan rago da Rioja, a Faransa kuwa cukun Roquefort mai gishiri da Sauternes mai zaƙi. Ana tallata wannan a matsayin gadon kaka da kakanni. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba sai na maimaita ba. Abin da nake so shi ne a auna sana'ar da mudun masu ita, wato kuɗi da lafiya da rayuka, a ga a wuyan wa bashin yake.

Shi kansa ilimin ɗanɗanon akwai alamar tambaya a kansa. A 2001, Frédéric Brochet ya ba ɗalibai 54 masu nazarin giya a Jami'ar Bordo farar giya da ya rina ta koma ja, suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Ashe ido na iya riga harshe yanke hukunci, ko ga wanda ya yi karatun abin.

Batun gado kuma, akwai shafin da ake tsallakewa. Bayan wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, Turawan mulkin mallaka suka cika ƙasar da suka ƙwace a Aljeriya da inabi, har ya kai kusan hekta 400,000 a shekarun 1930. Ƙasar Musulmi ta wayi gari ta fi kowace ƙasa fitar da giya a duniya, kuma da yawanta gauraya ta ake yi da ta Faransa don ta ƙara mata ƙarfi da launi. Dokar 1935 da ta ɗaure sunan kowace giya ga yankinta, wadda a yau ake alfahari da ita, tana cikin matakan da manoman Faransa suka nema don kare kasuwarsu daga irin wannan ambaliya.

A 1991 shirin 60 Minutes na Amurka ya yaɗa cewa jar giya ce ke kare zuciyar Faransawa duk da maiƙon da suke ci, ciniki ya tashi nan take. Ga shi a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a kira shi marar haɗari, kuma tun 1988 aka sa ta cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara. Hukumar lafiyar jama'a ta Faransa ta ƙiyasta mutuwar mutum 41,000 a shekara saboda barasa, kowace iri, ba giyar inabi kaɗai ba. Amma da Ayalan ta kafa dokar rubuta gargaɗin sankara a jikin kwalba, Italiya ce a sahun gaban masu adawa.

Manomin ma bai tsira ba. A shekarun 1960 Bafaranshe kan sha sama da lita 100 a shekara, yanzu ya sauko wajen lita 40. Giya ta yi kwantai. A 2023 aka ware yuro miliyan 200 daga aljihun jama'a don a mayar da rarar giyar ta zama barasar masana'antu, irin wadda ake yin ruwan tsabtace hannu da ita. A 2024 aka sake ware miliyan 120 don a biya manoma yuro 4,000 kan kowace hekta su tumɓuke itatuwan da iyayensu suka dasa. Gonakin nan kuwa, da ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na ƙasar noman Faransa ba, su ke shanye kusan kashi 20 na maganin feshin ƙasar, maƙwabta da ma'aikata na shaƙa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai tsinkar inabin. A yankin Shampen na Faransa doka ta wajabta a tsinke shi da hannu, don haka duk kaka sai an nemo mutum sama da 100,000 na 'yan makonni, da yawansu ta hannun 'yan kwangila. A kakar 2023, cikin tsananin zafi, aƙalla huɗu suka mutu a bakin aiki. A wannan kakar dai masu duba ƙwadago suka gano sama da mutum hamsin, 'yan Mali da Muritaniya da Senegal da Kwaddebuwa, yawancinsu ba su da takardun zama, an cusa su a wani lalataccen gida a ƙauyen Nesle-le-Repons: katifu a ƙasa, ban-ɗaki ya toshe, wayoyin wuta a tsirara. Daga Faris aka kwaso su da alkawarin kuɗin yini, wasunsu ko sisi ba su gani ba. 'Yan'uwanmu ne na Yammacin Afirka, waɗanda suka haye hamada da teku don su aika wa gida abin sawa a baka, kuma da yawansu ba su taɓa kai abin da suke tsinka wa inabin bakinsu ba.

A Yulin 2025 kotun Châlons-en-Champagne ta sami mutum uku da laifin safarar mutane, ta yanke musu ɗauri, ta kuma ci tarar ƙungiyar masu giyar da ta ɗauki kwangilarsu. Har yau takardar da ke jikin kwalba tana faɗin yankin da inabin ya fito, wani lokaci har da shekarar da aka tsinke shi, amma babu dokar da ta tilasta a rubuta ɗan kwangilar da ya kawo masu tsinkar, balle abin da aka biya su.