Ɗan Aiken da Aka Ɓoye wa Gaskiya

Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP a watan Nuwamban 2024, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka ƙara zama 'yan aike: su zaɓi kayan aiki da kansu, su yi aikin, su kawo sakamako. Sai dai wannan ɗan aiken ba ya leƙa cikin kayan aikin. Sunansa yake gani, da abin da ake zuba masa, da 'yan layukan bayanin da maƙerinsa ya rubuta. A kansu yake yanke hukunci. Shi ya sa nake ja da masu auna ingancin irin wannan bayani da gajartarsa da santsin Turancinsa. Bayani kan iya cika wannan mudu har ya yi tozo, ya kuma tona asirin gari guda.

Mu ɗauki manhajar buga tambarin bayanai, abin da masana ke kira hash. Aikinta ta karɓi rubutu ta mayar da shi jerin haruffa da lambobi masu ƙayyadadden tsawo. Na SHA-256 yakan fito da alamomi 64. Rubutu iri ɗaya kullum tambarinsa ɗaya, amma a sauya ko da harafi guda, tambarin ya sauya baki ɗaya. Bayanin da ya tsaya kan "tana samar da tambarin rubutu cikin tsaro" gajere ne, kuma ya haɗiye abubuwa uku.

Na farko, wace dabara? An karya lagon MD5 tun 2004, sannan a Fabrairun 2017 Google da cibiyar CWI ta Amstadam suka fito da takardu biyu mabambanta masu tambarin SHA-1 iri ɗaya. Duk mai awon hatsi a kasuwannin ƙasar Gaya da Ajingi ya san cewa "kwano goma" ba magana ba ce sai an faɗi wane kwano.

Na biyu, tambari ba makulli ba ne. A 2014 hukumomin birnin New York na Amurka suka saki bayanan tafiye-tafiyen tasi miliyan 173, bayan sun rufe lambobin direbobi da MD5. Ba a jima ba aka warware su, domin lambobin da za su iya kasancewa ba su da yawa: aka buga tambarin kowacce, aka gwada. Lambar NIN da ta BVN kowacce alƙaluma 11 ce, wato ba su wuce biliyan 100 ba, adadin da kwamfuta mai ƙarfi ke zagayewa cikin mintuna. A ƙaddara ƙungiyar manoma a Kademi ta umarci ɗan aikenta ya ɓoye lambobin mambobinta kafin ya tura jerin ga dillalin taki. Ya ga kalmar "tsaro", ya buga tambari, ya tura. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuwa a wuyan mai riƙe da bayanan ta rataya alhaki, ba ruwanta da wanda ya rubuta bayanin manhajar.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. A idon wannan manhaja, Ɗanjuma da Danjuma mutum biyu ne, haka lambar waya mai farawa da 080 da ita kanta idan ta fara da +234. Idan da tambari ake tace sunayen da suka maimaitu, wani zai karɓi buhu biyu, na bayan layi ya koma gida hannu rabbana.

Masu kare gajeren bayani suna cewa ai manhajar ta riga ta san duk wannan, kuma kowace kalma kuɗi ce. Sanin darasi daban, sanin halin wannan kayan aikin daban: ba ta da hanyar gane ko yana daidaita haruffa kafin ya buga tambari sai an gaya mata. Kuɗin layi uku kuma bai kai na asirin mutum ɗaya ba.

Ma'aunin da ya dace shi ne a ba ɗan aiken bayanin kaɗai, a umarce shi ya ɓoye lambar NIN da wannan manhaja. Idan ya ƙi, ya kuma faɗi dalili, bayanin ya ci jarrabawa. Idan ya aikata, a mayar wa marubucin da takardarsa, komai kyawun Turancinta.