Dogon direba da motar wasan gudu: a auna rufi kafin a tambayi inji

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi tsakanin samarin jihar Maraɗi, wato gwajin gudu da mota. Ana ganinta wajen rakiyar amarya, ana kuma ganinta da maraice bisa kwaltar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Ɗan Isa da Jibiya, hanyar da manyan motocin kaya da amalanke da ƴan makaranta suke bi tare. Doka ta hana wannan, kuma daidai ta yi. Amma sha'awar tuƙi don wasa ba laifi ba ce idan an kai ta killataccen fili. Kokowa ma a dandalin ƙauye take, kafin gwamnati ta shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa cikin 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci. To, saurayin Madarunfa da ke son wannan wasa bisa ƙa'ida, ga shi aljihu ba nauyi, ga shi Allah ya yi shi dogo, wace mota ya kamata ya saya?

A ganinmu, ya sayi tsohuwar mota wadda kowane makaniki ya sani, wadda kuma jikinsa ya shiga da hular kwano a kansa. Ƙarfin inji shi ne tambaya ta ƙarshe.

Masu cewa sai mota mai tsada ake wasa da ita, su tuna da tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya ratsa Agadas da Yamai cikin Janairun 1979. Wasu Faransawa biyu, wa da ƙane, Claude da Bernard Marreau, sun shiga da ƴar ƙaramar Renault 4, irin wadda ake kai wasiƙu da ita a ƙasarsu, suka zo na biyu cikin motoci, bayan Range Rover. A 1982 kuwa suka ci tseren da Renault 20. Ita ma Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna shekara da shekaru, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. Waɗannan motoci an yi musu gyara na musamman, gaskiya ne, amma asalinsu motocin talakawa ne.

Matsalar dogo dabam ce, kuma mai sayar da mota ba zai faɗa masa ita ba. Hular kwano tana ƙara wa mutum tsawo. Wanda kansa ke gogar rufi tun bai sa hula ba, in ya sa ta sai ya tuƙa da wuya a karkace, kuma duk ramin da mota ta faɗa, wuyansa ne zai sha dukan. Ran da mota ta kife kuwa, kansa ne zai riga rufin isa ƙasa. Saboda haka masu shirya tsere suke neman a bar aƙalla santimita 5 tsakanin hula da ƙarfen kariya na sama. Ba ƙananan direbobi kaɗai abin ya dama ba. Dan Gurney, Ba'amurke mai tsawon mita 1,93, sai da aka yi wa rufin motarsa Ford GT40 tozo daidai saitin kansa, sa'an nan ya shige ta ya ci tseren awa 24 na Le Mans a 1967. Kamfanin Ford yana da kuɗin yin tozo. Saurayinmu ba shi da su, don haka ya tafi wurin cinikin da hularsa a hannu.

In ya je, ya zauna, ya jingina bayansa sosai, ya taka kuloci har ƙasa. Gwiwa ta kasance da ɗan lanƙwasa. Ya miƙa hannu ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba, wuyan hannu ya sauka bisa saman sitiyari. Ya ɗauke ƙafa daga totur zuwa birki da sauri, sau da yawa; in gwiwa ta bugi sitiyari ko sau ɗaya, motar ba tasa ba ce, ko da kyauta aka ba shi. Dogaye ma iri biyu ne, akwai mai dogayen ƙafafu, akwai mai dogon gangar jiki, kuma motar da ta karɓi wannan tana iya ƙin wancan. Shi ya sa shaidar aboki ba ta isa ba. Mota mai taga a rufi tana cin santimita da dama na sararin kai, kujerar da lantarki ke motsawa kuma ta kan fi ta hannu tudu. Abin da dillali ke ƙara wa kuɗi saboda shi, shi ne abin da dogo ya kamata ya guda.

Dabarar da muka fi jin tsoro ita ce ta kwantar da kujera baya domin kai ya sami wuri. Wanda ya zauna haka, hannunsa ba ya da iko da sitiyari, kuma in aka yi karo sai ya sulale ta ƙarƙashin bel, bel ɗin ya kama shi a ciki maimakon ƙugu. Gyaran gaskiya shi ne a sauke kujerar ƙasa, a ɗaure ta da ƙusoshi masu ƙwari a daɓen da tsatsa bai ci ba. Kada a yarda mai walda ya ɗiga mata wuta wuri biyu ya ce ta zauna. Haka nan bututun ruwa ba ya zama ƙarfen kariya, ko an shafa masa fenti.

Game da iri, Turawa suna yabon Mazda MX-5 don arha da daɗin sarrafawa, amma ƙarama ce, dogo ya kan sha wuya a cikinta, kayan gyaranta kuma ba na kasuwar Maraɗi ba ne. Toyota Starlet tana da ƙarko da ƙarancin shan mai, sai dai cikinta matsattse ne. Tsohuwar Golf, ko Corolla, ko Peugeot 505 in an sami mai lafiya, su ne ya kamata a fara gwadawa, domin in wani abu ya karye da safe ana iya samo shi kafin la'asar, a Maraɗi ko a Katsina. Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun 2023, shekarar da aka rufe iyakar Benin kaya suka koma zagayowa ta Lome, shekarar da Najeriya kuma ta janye tallafin mai, man ƴan ruwa-ruwa ya daina zama na banza. Wanda ya zuba dukan kuɗinsa cikin sayen mota, ba zai sami na taya da birki da hula ba. Gara ya raba kuɗin tun farko, ya ajiye kaso mai tsoka don waɗannan.

Saura fili, kuma wannan magana ta hukumomin gunduma ce da sarakunan gargajiya. Akwai faƙo da ba ya noma, nesa da tabkin Madarunfa da kaburburan waliyyai, nesa da gonaki da burtalin shanu. A keɓe guda a lokacin rani, a shata shi, a nisanta ƴan kallo, a kawo motar asibiti. Jandarma ya tsaya a bakin shiga da ma'auni, duk direban da ba a sami santimita 5 bisa hularsa ba ya koma gareji a sauke masa kujera.