Ɗan kokowar Kurfai: a gida zai girma ko a Yamai?

Da zarar wani saurayi ya kada manya biyu a dandalin Filinge bayan kaka, sai gardama ta tashi. Ƴan kasuwar Kurfai mazauna Yamai su ce a kawo shi birni, inda akwai masu horo da abokan karawa. Dattawan gari su ce sam: in ya zauna can, da sunan Yamai zai shiga gasar takobi, jahar Tillaberi ta yi asara.

Dattawa na da gaskiya, sai dai gaskiyarsu ba ta ciyar da kowa. Tun 1975 da aka fara gasar a Tawa, kowace jaha da ƴan kokowarta take zuwa. To, wa ke ɗaukar nauyinsu sauran watannin shekara? Saurayin da ya gama girbi ya tafi cirani ba kishin gida ya rasa ba, hatsi ya rasa.

Masu cewa a tafi sukan kafa hujja da Abdul Razak Alfaga, wanda ya horu a Jamus, ya ciyo azurfa a Rio cikin 2016. Wannan taekwondo ne, wasan da tushensa ke waje. Ita kokowa makarantarta rairayin ƙauye, malamanta tsofaffin ƴan kokowa da makaɗa. Isaka Isaka da sunan Doso ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas cikin 2023.

Kusa da Filinge, a Tukunus, an san yadda ake kiwon saniyar Azawak: abincinta, maganinta, ma'aikatanta. Ɗan kokowa kuwa kirari kaɗai ake ba shi. Attajiran da ke biyan kuɗin motarsa zuwa Yamai suna iya ciyar da shi a Filinge.